Kwatangwalona ya hana ni sakat, in yarda a yi mini tiyatar huda?

Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 32, tuƙi ne sana'ata. Shekara shida ke nan da aka tabbatar mini ina da amosanin ƙashin baya mai kumburi, wanda ake kira ankilosin espondilaitis. Ciwon baya da sandarewar safe na riga na saba da su. Amma tun bara ciwo ya sauko mini kwatangwalon dama, ta gaba wajen matsematsi, har in zan fito daga mota sai na tallafo ƙafar da hannu. Na yi hoton MRI, aka ce akwai ruwa a gaɓar, leɓen guringuntsi ya ɗan yage, kuma akwai ɗan tudu a wuyan ƙashin cinya. Likitan ƙashi ya ce zai iya gyarawa ta ƙananan huda da kyamara, ba sai an yanka ni ba. Diclofenac nake sha in ciwo ya tashi, wani lokaci in haɗa da prednisolone da nake saya da kaina. Rabona da likitan amosani ya kai shekara biyu. Yayana ya ce in yi aikin tun kafin ta kai ga canza gaɓar gaba ɗaya, maiɗakina kuma tsoro take ji. Ni dai fargabata kada in rasa sana'ata. Me zan yi?

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya.

Shawarata ita ce kada ka sa hannu a takardar aikin nan yanzu. Ban ce ka haƙura da shi har abada ba, ban kuma ce likitan ƙashin ya yi kuskure ba, don shi ya duba ka da hannunsa, ni wasiƙa kawai na karanta. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙar taka shi ne layi biyun da ka rubuta kamar ba su da muhimmanci: shekara biyu ba ka ga likitan amosani ba, kuma kana shan prednisolone, maganin sitiroyid mai danne kumburi, da kanka. Ke nan cutarka ba ta samu maganin da ya dace da ita ba tukuna. Gaɓar da ba a gwada kwantar mata da kumburi yadda ya kamata ba, bai dace a yanke mata hukuncin tiyata ba.

Ya kamata ka san abin da ake yi maka tayi. Za a sa ka barci, a kwantar da kai a kan wani gado na musamman, a ɗaure ƙafar a ja ta da ƙarfi har kan ƙashin cinya ya janye daga kwarminsa kamar santimita ɗaya. Gaɓar kwatangwalo matsattsiya ce, in ba a ja ta ba babu ta inda za a shiga. Daga nan sai a yi huda biyu ko uku, a zura siririyar kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta sauran. Da su ake ɗinke leɓen guringuntsin da ke zagaye da bakin kwarmi in ya yage, a goge tudun ƙashin da ke dukan bakin kwarmi, a tsince ɓarɓashin guringuntsi in akwai, wani lokaci a kankare tantanin cikin gaɓa in ya kumbura. Yawanci akan sallami mutum a ranar ko washegari. Ƙanƙantar tabon kan sa mutane su raina aikin, alhali a ciki an goge ƙashi an yi ɗinki, kuma murmurewa watanni take ɗauka.

Aikin yana da amfani ga waɗanda aka tsara shi dominsu, wato masu tudu a wuyan ƙashin cinya ko a bakin kwarmi, wanda ke matse leɓen duk lokacin da suka naɗe ƙafa. A shekarar 2018 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya da mutum 348 masu wannan matsala. An yi wa rabi tiyatar, rabi aka ba su tsararren motsa jiki a hannun likitocin gashin ƙashi. Bayan shekara guda dukkansu sun ji sauƙi, amma waɗanda aka yi wa tiyata sun ɗara sauran da maki kusan 7 cikin 100 a ma'aunin da aka yi amfani da shi. Riba ce ta gaske, ko da yake ba mai yawa ba ce. Sai dai waɗannan mutane ne da siffar ƙashinsu ce matsalar, kuma ba a ɗauki waɗanda gaɓarsu ta riga ta cinye ba. Rahotannin da ake da su kan masu irin cutarka ƙanana ne, na mutane kaɗan, kuma abin da suka fi nunawa shi ne sauƙin ciwo na wani lokaci.

Dalilin bambancin shi ne asalin ciwon. Cutarka ta garkuwar jiki ce. Garkuwar ce ke hura kumburi a gaɓoɓin da ke haɗa ƙashin baya da ƙugu, da wuraren da jijiyoyi ke manne da ƙashi, kuma a kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu ita takan kama kwatangwalo, musamman waɗanda ta fara musu da ƙuruciya. Sau da yawa takan kama duka biyun. In ta kama shi, tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa ne ke kumbura, ya yi kauri, ya riƙa tsattsafo ruwa, a hankali yana cin guringuntsi ta kowane ɓangare. Ruwan da aka gani a hotonka yana iya zama shaidar wannan. Likita zai iya kankare tantanin da kyamara, ka ji daɗi na watanni, amma kamar wanda ya sassabe ciyawa da damina ne ya bar saiwar a ƙasa. Muddin garkuwar ba ta lafa ba, tantanin zai sake tohowa ya sake kumbura.

Za ka ce, to ai hoto ya nuna leɓe ya yage, wannan ba kumburi ba ne. Haka ne, amma yagewar leɓe a hoton MRI abu ne da ake samu ko a jikin wanda lafiyarsa ƙalau. A 2012 masu bincike a Amurka sun ɗauki hoton kwatangwalon mutum 45 da ba su da wani ciwo, suka samu yagewar leɓe a kashi 69 cikin 100. Shi ma tudun wuyan ƙashin akwai mutane da yawa da ke yawo da shi ba su sani ba. Ƙari a kan haka, cutarka da kanta takan sa sabon ƙashi ya tsiro a daidai wannan wuri, inda kan ƙashin cinya ya haɗu da wuyansa, ya zagaye shi kamar ƙawanya. Saboda haka ganin abu a hoto bai isa ya tabbatar da cewa shi ke sa ka ciwo ba. Likitocin wannan fanni da kansu sun yi ittifaƙi a 2016 cewa ba a kiran matsalar tudun nan cuta sai abu uku sun haɗu: irin ciwon da mutum ke ji, abin da likita ya samu da ya juya ƙafar, da abin da hoto ya nuna.

Akwai binciken da kai za ka iya farawa tun yau, kuma zai taimaki likita ƙwarai. Ka lura da inda ciwon yake. Na gaba, a matsematsi, wanda kan gangara cinya har gwiwa, yawanci daga cikin gaɓar yake, kuma naka ya yi kama da shi. Na ɗuwawu, mai yawo daga dama zuwa hagu, ya fi zama na gaɓoɓin ƙugu na baya. Na gefe, wanda ke hana ka kwanciya a kan wannan ɓarin, na jijiyoyin da ke manne da ƙashi ne. Waɗannan biyun na ƙarshe babu abin da tiyatar huda za ta yi musu. Sannan ka lura da lokacinsa. Idan yana tashe ka da tsakar dare zuwa asuba, ka wayi gari ƙafar a sandare fiye da rabin awa, sai ka yi motsi ya saki, wannan halin kumburi ne. Idan kuwa lafiya kake kwana, sai ka tsuguna ko ka juya ƙafa ko ka daɗe a zaune ka ji wani abu ya soke ka, ko gaɓar ta yi ƙas ta maƙale, wannan ya fi kama da matsalar siffa. Ana iya samun duka biyun a mutum ɗaya, kuma ba zan yi mamaki ba in haka naka yake. Ka rubuta abin da ka lura da shi na mako biyu ka tafi da shi.

A asibiti kuma ka nemi abu uku. Na farko gwajin jini na CRP da ESR, masu auna kumburi a jiki, tare da sanin cewa mutane da yawa masu wannan cuta gwajinsu kan fito lafiya lau alhali kumburin na nan. Na biyu hoton ƙashi na ƙugu, irin na yau da kullum, wanda aka ɗauka kana tsaye. Mutane kan ɗauka MRI ya shafe shi, amma shi ne ke nuna tazarar da ta rage tsakanin kan ƙashi da kwarmi, wato yawan guringuntsin da ya saura. Idan tazarar ta gaza milimita 2, an daɗe da sanin cewa tiyatar huda ba ta cika yin nasara ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa a wannan hali sukan ƙare da canjin gaɓa cikin 'yan shekaru. Na uku allurar kashe zafi da ake yi a cikin gaɓar kanta, ana kallo da na'ura. In ciwon ya ɗauke na wasu awanni, an tabbatar daga ciki yake. Amma ka riƙe wannan: allurar ba ta bambance ciwon tantani da ciwon leɓe, don duka a ciki suke. Abin da ke bambance su shi ne yadda gaɓar za ta amsa magani.

Kuma a fannin magani kana da sauran hanya mai tsawo a gabanka, abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa game da kai ke nan. Shan diclofenac sai ciwo ya tashi ba shi ne gwada magani ba. Ƙa'idar ita ce a gwada iri biyu na wannan dangi, irin su naproxen ko celecoxib ko etoricoxib, kowanne a cikakken awonsa kullum, na jimillar mako huɗu, likita yana lura da cikinka da ƙodarka da hawan jini. In ba su wadatar ba, akwai allurai masu kwantar da garkuwa a daidai inda take ta'adi: masu tare sinadarin kumburi da ake kira TNF kamar adalimumab da etanercept da infliximab, da masu tare wani sinadarin mai suna IL-17 kamar secukinumab da ixekizumab, sannan ƙwayoyin sha irin su upadacitinib da tofacitinib. Masu tare TNF ne suka fara canza rayuwar masu wannan cuta tun farkon shekarun 2000, sauran suka biyo baya. Kafin a fara su dole a gwada ka tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, don sukan tayar da su in suna kwance a jiki. Akan ba magani aƙalla mako 12 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Ba su da sauƙin samu ga kowa, na sani, amma ka yi wannan maganar da likitan amosani kafin ka zuba abin da ka tara a aikin da ba lalle ya taɓa tushen ciwon ba. Shi ma zai iya duba ko allurar sitiroyid sau ɗaya a cikin gaɓar za ta kwantar maka da ita kafin babban magani ya kama.

Prednisolone ɗin nan kuwa, don Allah ka ɗauke shi da muhimmanci. Shan sa na dogon lokaci ba ya cikin maganin da ake ba masu wannan cuta, kuma yana da illa biyu da suka shafe ka kai tsaye. Yana rage ƙarfin ƙashi, alhali ƙashin bayan mai wannan cuta da ma yana da saurin karyewa. Yana kuma iya toshe jinin da ke zuwa kan ƙashin cinya har ƙashin ya mutu ya rufta, kuma farkon alamar hakan ciwon matsematsi ne irin wanda kake ji. Ka gaya wa likita ainihin yawan da ka sha da tsawon lokacin, ka nemi a sake karanta hotonka da wannan a rai. Kada ka ji kunya, ciwo ne ya kai ka. Kada kuma ka yanke shi rana ɗaya in ka yi makonni kana sha, don jiki kan rage yin nasa sinadarin, sai an janye a hankali.

To yaushe zan ce maka ka yi aikin? Idan ka yi watanni a kan magani mai kyau, barcinka ya daidaita, sandarewar safe ta ragu, ruwan gaɓar ya janye, amma sukar nan ta matsematsi tana nan duk lokacin da ka naɗe ƙafa, kuma hoto ya nuna guringuntsinka na da saura mai kyau, kuma motsa jiki a hannun likitan gashin ƙashi na kamar wata uku bai kawar da ita ba. A wannan hali tiyatar tana da ma'ana, kuma ba zan hana ka ba. Akwai ma dalilin da ya sa matsalar siffa kan fi damun irinku. Mai lafiyayyen baya in ya zauna, ƙugunsa kan mirgina baya ya ba cinya fili. Wanda bayansa ya sandare, ƙugun ba ya mirginawa sosai, sai kwatangwalo ya ɗauki naɗewar shi kaɗai, tudun da da ba zai dame shi ba ya fara dukan leɓe. Ga direban da ke wuni a zaune wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In an kai nan, akwai tambayoyin da nake so ka yi baki da baki. Ka tambayi likitan ƙashin ko ya taɓa yi wa masu wannan cuta aikin, da yadda suka ƙare, da abin da zai yi in ya shiga ya tarar guringuntsin ya fi yadda hoto ya nuna lalacewa. Ka tambaye shi tsawon lokacin da zai ja ƙafar, don jan kan danne jijiyoyi, har mutum ya ji matsematsi ko gabansa ko tafin ƙafa ya mutu. Yawanci yakan warware cikin kwanaki ko makonni, kuma shi ya sa likitoci ke ƙoƙarin kada jan ya wuce awa biyu. Ka tambaye shi me zai ba ka don hana ƙashi tsirowa a cikin naman da ke kewaye da gaɓa bayan aiki, abin da masu cutarka suka fi saura haɗarinsa, kuma magani irin naproxen na 'yan makonni yana rage shi. Sannan ka nemi ganin likitan da zai sa ka barci tun kwanaki kafin ranar aiki, ba a ƙofar ɗakin tiyata ba. Wuyan da ya sandare yana wahalar da zura bututun numfashi, allurar baya kan ƙi shiga in jijiyoyin wurin sun zama ƙashi, kuma bayan da ya haɗe yana iya karyewa in aka juya mutum da garaje yana barci. Duk ana iya shirya musu in an sani da wuri. Idan a lokacin kana kan allurar kwantar da garkuwa, likitan ƙashi da likitan amosani su yi magana da juna kan lokacin tsayar da ita da na ci gaba, kada kai ka yanke wannan.

Bayan aiki za ka yi makonni biyu zuwa huɗu da sandar dogarawa, wani lokaci fiye, sannan wata uku zuwa shida na motsa jiki. Tunda ƙafar dama ce, ba za ka koma tuƙi ba sai ka ajiye sanda, ka daina maganin ciwo mai sa maye, kuma kana iya taka birki da ƙarfi ba tare da jin tsoro ba. Ka lissafa wannan hutun a cikin shirinka. Ka kuma sani cewa cutarka ba ta son kwanciya, don haka dole a tsara maka motsin baya da ƙirji tun makon farko.

Yayanka ƙauna ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa, amma ka gaya masa cikin ladabi cewa ba a tabbatar tiyatar huda tana hana kai wa ga canjin gaɓa ba, balle a cutar da kumburi ne ke cin gaɓar. Abin da ya fi ba kwatangwalonka kariya shi ne a kashe kumburin da wuri. Kuma ina so ku rage tsoron canjin gaɓar kansa. Shawarwarin da ASAS da EULAR, ƙungiyoyin masana amosani na duniya da na Turai, suka sabunta a 2022 sun ce a duba yiwuwar canza kwatangwalo ga duk mai wannan cuta da ciwo ko naƙasa suka ƙi jin magani kuma hoto ya nuna gaɓar ta lalace, komai ƙuruciyarsa. Wani nazari da Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na kwatangwalon da aka canza yana kai wa shekara 25 yana aiki. Matashi na iya buƙatar a sake masa wata rana, wannan gaskiya ne. Amma in gaɓa ta riga ta cinye, wannan aikin ne ke mayar da mutum kan ƙafarsa, kuma ratsawa ta tiyatar huda kafin a kai gare shi ƙarin wahala ce kawai. Babu abin da ka rubuta da ya nuna ka kai can.

Ka tafi da maiɗakinka ranar ganin likita. Tsoronta zai ragu in ta ji bayani da kunnenta, kuma ita ta san sau nawa kake tashi da dare fiye da yadda kai za ka tuna.

Kafin nan, ka ɗaga kujerar motarka yadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa tsawo, ka ɗan kwantar da majinginar baya, ka riƙa tsayawa ka taka ƙasa duk bayan kamar awa ɗaya. In za ka fito, ka juyo da jikinka gaba ɗaya, ƙafafu a haɗe, maimakon jefa ƙafa ɗaya waje. Ka riƙa kwanciya rub da ciki na wasu mintuna kullum don gaban kwatangwalo ya miƙe, don wannan cuta tana son ta bar shi a lanƙwashe. In kana shan taba ka daina, an tabbatar tana hanzarta lalacewar ƙashin baya a wannan cuta, tana kuma jinkirta warkewar rauni.

Abubuwa uku kada ka jira ranar da aka ba ka a kansu. In gaɓar ta yi tsanani farat ɗaya har ka kasa taka ƙafar, musamman da zazzaɓi, ka je asibiti a ranar, don ƙwayar cuta na iya shiga gaɓa, kuma prednisolone yana ɓoye alamunta. In idonka ɗaya ya yi ja yana ciwo, haske yana damunka, ka ga likitan ido a ranar, cutar takan taɓa ido. In ka faɗi ko aka buge motarka, ko da ƙaramin bugu ne, sai wani sabon ciwo ya tashi a wuya ko baya, ka gaya wa duk wanda zai duba ka sunan cutarka kafin ya motsa ka, ka kuma nemi a yi maka hoto.

Allah ya ƙara sauƙi. Ka rubuto mini bayan ka ga likitan amosanin, ka haɗo da abin da hoton tsayen ya nuna.